Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Noma na Jihar Jigawa: a dubi waɗannan kafin a cika mana gonaki da dabinon kwalba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya taya ku riƙo. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Dutse. Na daɗe ina koyar da darasin noma a sakandare kafin in ajiye alli, yanzu kuma sana'ata renon dashen itatuwa, su mangwaro da gwaba da darbejiya, sai garkar dabino da na gada a wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Na zaɓi in rubuto a fili ne domin maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ta shafi duk wanda ya taɓa haƙa rami ya sa dabino, ya koma gida yana ƙirga shekarun da zai jira.

A 'yan shekarun nan, duk inda aka taru ana zancen bunƙasa noman dabino, ba a watsewa sai wani ya ambaci irin da ake renonsa a kwalba a ɗakin gwaje-gwaje, abin da Turawa ke kira tishu kalca, mu kuma a nan muke ce masa dashen kwalba. Ina cikin masu son wannan fasaha, kuma ina ganin dabinonmu ba zai yi nisa ba sai da ita. Sai dai akwai abubuwan da ake iya gani daga bakin rami waɗanda ba a hango su daga ofis, su ne nake so in isar muku.

Wanda bai san dabino ba yakan yi mamakin me ya sa ba ma shuka ƙwallo kawai mu huta. Dalili shi ne dabino akwai namiji akwai mace, kowanne bishiyarsa daban. Idan ka shuka ƙwallo ɗari, kusan rabinsu maza za su fito, kuma babu yadda za ka bambanta su da ido sai ranar da suka yi huda, bayan shekara biyar ko shida, wani lokacin fiye. Alhali in ana barbara da hannu, namiji ɗaya ya ishi mata arba'in zuwa hamsin. Matan da suka fito ma ba sa gadon uwa. Ka ci dabino mai zaƙi ka shuka ƙwallonsa, ya ba ka mai bauri, ƙwallo ya fi nama. Shi ya sa iyayenmu suka dogara da 'ya'yan da ke tohowa a gindin uwa, su ne ke zuwa sak irinta. To amma uwa ɗaya ba ta ba da su da yawa. A tsawon rayuwarta ba ta cika wuce goma zuwa talatin ba, mafi yawa kuma tana ƙuruciya take yin su, in ta tsufa ta miƙe sama sai ta daina. Kowane ɗa sai ya yi shekara uku zuwa biyar a jikinta kafin ya isa cirewa, kuma ba duk wanda aka cire ke kamawa ba. Hekta ɗaya tana cin bishiya wajen 120. Ku lissafa, ranka ya daɗe, shekara nawa za a yi kafin a cika hekta dubu da 'ya'yan gindi?

Nan ne kwalba ta shigo. Ana ɗaukar ɗan gindi daga uwa ta gari, a yi ta ɓare shi har a kai ga farar zuciyarsa mai taushi, a wanke ta da ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta, a yayyanka ƙanana, a ɗora a kan wani abinci mai kama da daskararren koko a cikin kwalba. Abincin nan ya ƙunshi sukari, da sinadaran taki, da bitamin, da wasu sinadarai masu sa tsiro ya yi toho ko ya yi saiwa, sai wani abu da ake samu daga ciyawar teku wanda ke daskarar da shi. Haɗin da aka fi amfani da shi har yau wasu masana biyu ne, Murashige da Skoog, suka fitar da shi a 1962, tunanin kansa kuma ya girmi haka, domin tun 1902 wani masani mai suna Haberlandt ya ce ƙwayar halitta guda ta tsiro tana iya zama cikakken tsiro. Daga 'yan yankan nan sai toho ya fito, a raba shi, a sauya masa kwalba, ya sake yawa, a sake rabawa, har daga ɗan gindi guda a samu ɗaruruwa ko dubbai, dukkansu mata, dukkansu 'ya'yan uwa ɗaya.

Ina roƙo a riƙa yi wa mutane wannan bayani da Hausa a rediyo, domin a majalisar ƙofar masallacinmu na sha jin ana haɗa dashen kwalba da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Ba abu ɗaya ba ne. Ba a cusa wa tsiron komai daga wata halitta ba. Ɗan'uwan dashen rogo ne da dashen rake, bambancin kawai yankan ƙarami ne ƙwarai, kuma a kwalba ake renonsa maimakon kunya.

Yanzu ga abin da ya same ni. Shekara tara da suka wuce wani mutum ya shigo yankinmu da mota cike da dashen dabino a baƙar leda. Ya ce na kwalba ne daga ƙasar Larabawa, mata zalla, shekara uku su fara haihuwa. Yana da hotuna a waya, nonon dabino har yana taɓa ƙasa. Na sayar da ɗan bijimin da nake kiwo na karɓi arba'in. Ni da yarana muka haƙa ramuka, muka zuba taki, muka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. Bazara shida muna ɗibar ruwa a jarka muna kai musu a amalanke, gara ta ci uku muka yi haƙuri. A sanyin shekara ta shida suka fara huda. Na tuna safiyar da na je na tarar da kwanson farko ya tsage. Na sa hannu na girgiza shi, sai farin gari ya tashi ya bule mini hannun riga. Namiji ne. Na wuce na gaba, namiji. Kafin shekara biyu su cika duk sun nuna kansu: a cikin 37 da suka rayu, 19 maza ne, matan kuma kowacce da kalar 'ya'yanta, babu biyu da suka yi kama. Ashe ƙwallo aka shuka a leda aka sayar mana da sunan kwalba. Lambar wayar mutumin ta daɗe da daina shiga.

Kuɗin bijimi bai dame ni kamar shekarun ba. Mai shuka gero in an cuce shi a iri, damina ɗaya ya yi asara, baɗi ya gyara. Mai dabino kuwa wani yanki na rayuwarsa yake binnewa a ramin nan. Maƙwabcina da muka saya tare ya rasu bai ga hudar nasa ba, 'ya'yansa ne suka gaji gonar da rabinta maza ne. Kuma ɓarnar ba ta tsaya kanmu ba, domin yau in ka ce dashen kwalba a ƙauyenmu sai ka ga dattawa sun kau da kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranar da na gaskiya zai zo, zai tarar an riga an ɓata masa suna.

Saboda haka roƙona na farko kuma mafi girma shi ne a samu wanda zai tsaya wa manomi. Kada a bar kowa ya sayar da dashen dabino da sunan na kwalba a jihar nan sai da rajista. Kowane dashe ya zo da lamba a jikinsa da takarda mai nuna ɗakin gwajin da ya fito, da sunan irin, da uwar da aka ɗebo shi, da ranar da aka fitar da shi daga kwalba. Akwai Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa, wadda aka sabunta dokarta a 2019, ana iya haɗa hannu da ita. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado da ake yi da ɗan ganye, wanda ke taimakawa a gane ko dashe irin da aka ce ne, jami'o'inmu za su iya ɗaukar wannan aiki. Sannan a rubuta a yarjejeniya cewa in dashe ya fito namiji ko wani iri daban, mai sayarwa ne zai biya, kuma biyan ya haɗa da wahalar shekarun, ba kuɗin leda kaɗai ba. Ɗan kasuwar da ya san za a neme shi bayan shekara shida ba zai shuka ƙwallo ya kira shi kwalba ba.

Wannan sharaɗi ba don macuta kaɗai nake nemansa ba. Ko ɗakin gwaji na gaskiya yana iya fitar da tsiro mai tawaya ba da gangan ba. Idan aka daɗe ana raba toho ana sake rabawa don a samu yawa, ko aka cika sinadarin da ke hanzarta shi, musamman wanda ake kira 2,4-D, wasu tsirran kan sauya hali. A kwalba ba a gani, a leda ba a gani, sai a gona. Malesiya ta ɗanɗana wannan a kwakwar manja a shekarun 1980, lokacin da bishiyoyin da aka yi alfahari da su suka girma suka ba da 'ya'ya masu nakasa marasa mai, kuma sai a 2015 masana suka gano ainihin abin da ke jawo hakan a cikin ƙwayar halitta. A dabino ma an gani: irin Barhi na kwalba da ake yi wa barbara amma ya ƙi ɗaukar 'ya'ya yadda ya kamata, da irin Majhul da ke tsugunewa ya ƙi tsawo. Ƙasashen da wannan ya faru sun fi mu kuɗi da kayan aiki. Maganinsa sananne ne: a taƙaita yawan rabawa, a riƙa komawa ga uwa ana ɗebo sabon yanka, a kuma ajiye gonar shaida inda za a dasa kaɗan daga kowane rukuni a ga haihuwarsu. Duk wannan yana rage riba, shi ya sa sai an sa ido ake yin sa.

Na taɓa samun dama na shiga wani ɗakin renon tsiro, ba zan faɗi inda yake ba. Sai da na cire takalmi, aka ba ni farar riga da abin rufe baki. Ɗakin sanyi kamar asubar hunturu, kantoci jere har sama, kowanne da fitila, kwalabe ɗaruruwa, a cikin kowacce ɗan koren tsiro da bai fi yatsa ba. Wata matashiya tana zaune gaban wani akwati mai hura tatacciyar iska, tana ƙona bakin almakashi kafin kowane yanka, ba ta ko ɗaga kai. Sai malamin da ke zagayawa da ni ya ja ni wani lungu ya nuna mini kwanduna cike da kwalaben da za a zubar. Fumfuna ta rufe su, wata fara kamar auduga, wata baƙa, wasu kuma abincin ya yi kauri ya yi yauƙi. Ya ce an yi kwanaki babu wuta, janareto ya lalace, ɗakin ya ɗau zafi, aikin wata goma sha takwas ke nan a kwandon. Yana maganar idonsa ya ciko.

Abin da ke ciyar da tsiron, wato sukari da danshi, shi ne abin da fumfuna da ƙwayoyin cuta suka fi so, kuma sun fi shi saurin girma nesa ba kusa ba. Dole a dafa abincin da kayan aiki a tukunyar matsi a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Dole ɗakin ya zauna wajen digiri 25 zuwa 27 dare da rana, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Fitilu kuma suna kunne kamar awa 16 a kowace rana. Shi dabino har da nasa halin na daban: yankan yakan fitar da wani ruwa da ke mayar da shi ruwan ƙasa ya kashe kansa, sai an sa garin gawayi na musamman a abincin ana kuma sauya masa kwalba a kai a kai. Daga ranar da aka yanka zuwa ranar da zai isa gona, shekara biyu zuwa uku ce, wani irin ma fiye. Ke nan aikin da ba ya jure yankewar wuta ta kwana uku ne, amma yana bukatar a riƙe shi shekara uku ba fashi.

Don haka, ranka ya daɗe, gini da yanke ƙyalle su ne mafi sauƙi a wannan harka. Abin da ke kashe irin waɗannan wurare shi ne kuɗin yau da gobe. Kusan duk sinadaran daga waje ake sayo su da dala, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 bayan sauyin tsarin canjin kuɗi da aka yi a 2023. Ma'aikacin da ya ƙware hannunsa ya daina gurɓata kwalba sai ya yi watanni yana koyo, in albashi ya yi jinkiri ya tafi, an koma farko. In za a kashe kuɗi, a fara da wutar sola da batura masu riƙe ɗakin ko babu wutar gari, a ware kuɗin sinadarai da albashi na shekara biyar a gefe inda canjin gwamnati ba zai taɓa su ba. Kuma ba sai an fara daga tushe ba. Ga reshen cibiyar NIFOR mai binciken dabino a nan Dutse, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Cibiyar Binciken Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Wuri ɗaya mai aiki da aka haɗa ƙarfi a kansa ya fi guda biyar da aka rufe da kwaɗo.

Akwai kuma wani mataki da ba a cika zancensa ba, kuma a ganina a nan aka fi asara: tsakanin ƙofar ɗakin gwaji da ramin manomi. Tsiron kwalba kamar jaririn da aka haifa bakwaini ne. Ya tashi a cikin danshin da ya kusa cika, ba iska, ba rana, abinci a bakinsa. Ganyensa ba shi da kakin da ke hana ruwa fita, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa ba, saiwarsa ba ta san ƙasa ba. Ƙungiyarmu ta masu renon dashe ta taɓa haɗa kuɗi muka sayi na gaskiya, da takardunsa, ƙanana masu ganye biyu zuwa uku, don sun fi araha. Suka iso mana a tsakiyar hunturu bayan kwana biyu a mota. Muka jera su a ƙarƙashin rumfar zana yadda muke yi wa mangwaro, muna ba su ruwa safe da yamma. A kwana na uku bakin ganyen ya fara naɗewa yana bushewa kamar an gasa shi, ƙasar ledar kuwa jiƙe sharkaf. Muka ƙara ruwa, sai gindin ya ruɓe. Ba ƙishin saiwa ke kashe su ba, busasshiyar iska ce ke zuƙe su ta ganye. Cikin sittin, goma sha ɗaya suka tsira, su ma don wani yaro a cikinmu ya yi dabarar kifa musu farar leda a kan kwando yana fesa musu ruwa, kullum yana ɗan ƙara buɗewa.

Abin da yaron nan ya yi shi ne ainihin aikin, sai dai ana yin sa ne a tsare: rumfar leda mai riƙe danshi, sannan rumfar raga mai rage rana, ƙasa mai tsabta mai tsane ruwa, maganin fumfuna, a yi ta saba musu da iska sannu a hankali na tsawon watanni, har sai sun fitar da ganye mai tsaga irin na babban dabino kafin a kai su gona. Wannan ba ya bukatar digiri. Yana bukatar haƙuri da ido, kuma muna da masu shi. A kowace ƙaramar hukuma cikin 27 ɗin nan akwai masu renon dashe, akwai matan da ke rainon zogale da yakuwa a bayan ɗaki, akwai matasan da suka gama makarantar koyon noma suna zaune. A horar da su, a ba su rancen rumfa da rijiyar burtsatse, ɗakin gwaji ya sayar musu da ƙanana, su raina su sayar wa manomi da manya. Ta haka dashen zai saba da iskar garin da za a dasa shi, kuma manomi ya san ƙofar gidan wanda ya sayar masa.

A kan rabon kyauta ina da magana, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Dashen da aka raba a filin taro, a watan da ya dace da taron ba watan da ya dace da dashe ba, ga wanda ba shi da rami ba shi da ruwa, yawancinsa a bayan gida yake bushewa. Kuma duk ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jarinsa a wannan sana'a, in ya ga ana rabawa kyauta, zai janye, domin ba wanda zai noma kayan shekara uku bai san ko akwai mai saye ba. Ya fi kyau a sa rangwame, manomi ya biya wani abu, ya yi rajista tun shekara biyu kafin, a zo a ga raminsa da ruwansa. In an zo ba da rahoto kuma, a daina ƙirga dashen da aka raba. A ƙirga wanda ke raye bayan shekara biyu, da wanda ya haihu bayan biyar.

Wani zai ce a bar wahalar, a shigo da 'ya'yan gindi daga waje. A yi hattara. Cutar bayud, wata fumfuna da ke zaune a ƙasa, ta kashe miliyoyin dabino a Maroko da Aljeriya, kuma a jikin dashe da ƙasar da ke maƙale da shi take tafiya. Jan ƙwaron nan mai cin zuciyar dabino, wanda asalinsa kudancin Asiya ne, shi ma ta hanyar safarar dashe ya ratsa ƙasashen Larabawa ya kai Masar da Sifen a shekarun 1990. A 1927, lokacin da bayud ke cinye Majhul a Maroko, 'ya'yan gindi 11 kacal aka kai Amurka, kuma sai da aka killace su shekaru a wani keɓaɓɓen wuri a jihar Nebada kafin a yarda su shiga gonaki. Mu da ke da doguwar iyaka da kasuwanni irin na Maigatari, mun fi kowa bukatar wannan tsantseni. A nan kwalba ta fi, domin tsiron yana zuwa ba ƙasa ba ƙwaro, in ya bi ta hannun hukumar killace tsirrai. Sai dai a gaya wa manomi gaskiya: tsabta ce yake zuwa da ita, ba rigakafi ba. In aka dasa shi a inda cuta take, zai kamu. In kuma aka cika jiha da 'ya'yan uwa ɗaya, cutar da ta iya da guda ta iya da duka.

Haka nan ba kowane iri mai suna ne zai yi a ƙasarmu ba. Digila da muke saye da azumi ta saba da nuna a busasshen zafin Sahara, ruwan sama da danshi suna ɓata ta. Mu kuwa dabinonmu tsere yake yi da damina, ya yi huda da sanyi, ya nuna kafin ruwa ya zauna. Kafin a sayo dubbai, a gwada kaɗan a Dutse, a gwada a Gumel da Birniwa da Haɗeja, a gani. Kuma kada a ɗauka kwalba maganin kowane amfanin gona ce. Gero da dawa da riɗi da zoɓo iri mai kyau suke so. Inda za ta yi amfani bayan dabino shi ne rake da ayaba da dankali, abubuwan da ake dasawa da jikinsu suna gadon cuta. Masu citta a kudancin Kaduna sun ga abin da rashin iri mai tsabta ke jawowa bayan annobar 2023.

Na bar abin da ya fi taɓa zuciyata a ƙarshe. A garkarmu akwai wata bishiya da muke kira Ta Baba. Mahaifina ya ce ya tarar da ita tana haihuwa. 'Ya'yanta manya ne, masu taushi, ƙwallon siriri, tana nuna da wuri kafin ruwan farko, kuma ba ta taɓa fashin shekara ba a sanina. Masu saye daga kasuwar Shuwarin tun tana ɗanya suke zuwa su kama. Da ƙwallo ta fito, ke nan babu irinta a duk duniya sai ita. Ta daina 'ya'yan gindi tun ina yaro, biyun da aka cire a da kuma ba su kama ba. Yanzu ta yi tsawon da matasa ke tsoron hawa, ta ɗan karkata gabas tun iskar bara, kuma akwai rami a gindinta da nake cusa wa ƙasa. Irinta suna nan a garake da bayan gidaje a ƙasar Dutse da kewaye, kowace da sunan da masu ita suka sa mata, Allah ya riga ya gwada mana su da zafinmu da hunturunmu da ƙasarmu shekara hamsin, sittin. Duk wadda ta faɗi ta tafi ke nan.

Masana sun nuna ana iya renon dabino daga ɗanyen furen da bai fito daga kwanso ba, ba sai da ɗan gindi ba, kuma ba sai an kashe uwar ba. Ga tsofaffin bishiyoyi irin Ta Baba, wannan ce kaɗai hanyar da ta rage. Ina roƙonku, kafin a kashe dala a kan irin wasu, a tura malaman gona da ɗaliban jami'a su zaga ƙauyuka lokacin nunar dabino, su tambayi masu hawa da masu saye wace bishiya ce ta fi, a ɗanɗana, a auna, a sa musu lamba, a rubuta sunan mai ita domin haƙƙinsa ya tabbata in an yaɗa ta. A zaɓi goma ko ashirin a fara da su.

Ni dai na ba da tawa. Hudarta tana fara kumbura ne in sanyi ya kama sosai, don haka duk wanda za a turo ya zo kafin kwanson ya tsage. Zan nemo mai hawa, igiya ma akwai.

Allah ya ba ku ikon yin adalci, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai renon dashe daga karkarar Dutse